Yadda muka ɗaukaka ƙarar ƙanena bayan an yanke masa hukuncin rataya

Ƙanena yaron mota ne. Shi da maigidansa suna lodin albasa daga nan Arewa zuwa kasuwannin Kudu, su juyo da manja ko katako. Yana da shekara ashirin da 'yan kai aka kama shi a kan kisan wani matashi ɗan unguwarmu. Babbar Kotun jiharmu ta same shi da laifi a ƙarƙashin sashe na 221 na dokar Final Kod, ta ce a rataye shi har sai ya mutu. Bayan shekaru, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wannan hukunci, ta sallame shi, ta kuma wanke shi. Mahaifinmu ya riga mu gidan gaskiya, ni ne babba a ɗakinmu, don haka ni na yi ta zarya tun daga caji ofis har ranar da aka buɗe masa ƙofa. Ni ba lauya ba ne, malamin firamare ne. Amma tunda ya fito mutane ba su daina sallama a ƙofar gidana ba suna tambayar yadda aka yi, shi ya sa na ga gara in rubuta. Ba zan kama sunan kowa ba, ko jihar, ko kotun, domin iyalan mamacin suna nan kuma ciwonsu bai warke ba.

Cacar baki ce ta jawo masa. Kwanaki kaɗan kafin a tsinci gawar, sun yi sa'insa da marigayin a teburin mai shayi a kan cikon kuɗin waya da yake bin sa, har sai da aka shiga tsakani. Daren da abin ya faru ƙanena yana hanya, tun la'asar suka tashi da lodi. Da ya dawo, ko wanka bai yi ba aka zo aka tafi da shi. A ƙaramin ofishin da aka fara kai shi ya faɗi inda yake a daren. Ya faɗi sunan direban, da tashar da suka yi lodi, da kasuwar da suka sauke, aka rubuta. Daga nan aka wuce da shi sashen binciken manyan laifuka a babban birnin jiha, kuma a can ne takarda ta biyu ta fito, rubutacciya da Turanci, wai ya amsa da bakinsa cewa shi ya daɓa wa marigayin wuƙa. A ƙasanta akwai dangwalen babban yatsansa. Ƙanena allo ya yi, bai yi boko ba. Ranar da aka bar ni na gan shi ba ya iya ɗaga hannuwansa sama da kafaɗa, ga shatin igiya a wuyan hannayensa duka biyu.

Kotun majistare ba ta da hurumin shari'ar kisa, iyakarta ta tura mutum gidan yari a jira shawarar lauyoyin Ma'aikatar Shari'a. A wannan jira ne direban, wanda shi ne babban shaidarmu, ya rasu a haɗarin mota. Lokacin da aka soma shari'a a Babbar Kotu, masu ƙara suka zo da abu biyu: takardar ikirarin, da wani maƙwabci da ya ce ya hangi ƙanena a wurin da daddare. Ba a kawo wuƙa ba, ba a kawo tufa mai jini ba. A kan waɗannan biyun aka yanke hukunci.

Ba zan tsaya bayanin halin da Inna ta shiga ba. Abin da zan tsaya a kai shi ne maganar da lauyan da kotu ta ba shi ya faɗa mini a barandar kotu a ranar, domin ita ce farkon komai. Ya ce, "Malam, kuka ba laifi ba ne, amma daga yau an fara ƙirga kwana 90." Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara kwana 90 ta ba wanda aka samu da laifi ya shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara. Wanda aka yanke wa kisa ba sai ya nemi iznin kowa ba, sashe na 241 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi wannan haƙƙi kai tsaye. In kwanakin suka wuce ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba, amma sai an roƙi kotu ta ƙara lokaci, a kawo dalili mai ƙarfi na jinkirin, a kuma nuna cewa ƙorafin yana da tushe. Wannan roƙon kaɗai yana iya cin watanni. Na haɗu da iyalai da dama da suka shafe waɗannan kwanaki suna bin manyan gari da 'yan siyasa a saka baki, har lokacin ya kuɓuce musu.

Wani abokin aikina ya haɗa ni da wani lauya dattijo da ya daɗe a shari'o'in laifi. Ya yafe mana kuɗin aikinsa, ya ce mu ɗauki nauyin takardu da mota. Ko hakan sai da muka sayar da kason gonarmu da awakin Inna. Wanda ba shi da ko wannan, akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya, wadda aka kafa tun 1976, tana da ofisoshi a jihohi, kuma shari'ar kisa tana cikin aikinta. Akwai kuma ƙungiyoyin lauyoyi masu zaman kansu da ke ɗaukar irin wannan ƙara kyauta.

Zamanmu na farko da Barista shi ya sauya mini fahimtar abin baki ɗaya. Na je masa da jerin sunaye: mai lodin tasha da ya tuna ranar, da wani dillalin albasa, da mai abincin da suke tsayawa wurinta a hanya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, can ba a sake shari'a. Ba a kiran shaida, ba a rantsar da kowa. Alƙalai uku ne za su zauna da kundin abin da aka yi a kotun ƙasa, su duba ko alƙalin ya yi kuskure. Abin da ba ya cikin kundin nan, a wurinsu bai faru ba." Ya ce akwai hanyar neman a karɓi sabuwar shaida, amma ƙunci gare ta, domin sai ka nuna ba yadda za a yi a samo shaidar a lokacin shari'ar farko. Mutanen da na lissafa kuwa suna nan tun farko, ba a dai kira su ba ne. Jikina ya yi sanyi. Na tambaye shi to da me za mu yi yaƙin. Ya ce sai ya ga kundin.

Sanarwar ɗaukaka ƙarar a rajistar kotun da ta yanke hukunci ake shigar da ita, ba a kotun sama ba. Barista ya ɗauki takardar da kansa muka je gidan yari, ya karanta wa ƙanena da Hausa, ya sa ya dangwala a gaban jami'i, domin a baya an sha korar ƙararraki a kan cewa ba mai ƙarar ne ya sa hannu da kansa ba, shi kuma ba ya son a sami kafar da za a kama. A lokacin an riga an mayar da ƙanena wani gidan yari mai nisa, ɓangaren waɗanda aka yanke wa kisa, wanda mazauna ciki ke kira kwandem. A ziyarar nan ya faɗa mini cewa babu mai yin barcin asuba a ɗakinsu. Duk ranar da suka ji takun gandirobobi ya fi na kullum yawa, ko aka makara buɗe ƙofa, sai ɗakin ya yi tsit, kowa ya kama salati.

Wannan tsoro shi ya fi cin Inna. Kullum tambayarta ita ce, "Ba za su rataye shi ba kafin a gama?" Barista ya zo har gida ya yi mata bayani. Ya ce muddin ƙara tana gaban kotu, doka ta hana a zartar da hukunci, kuma ko bayan an gama sai gwamna ya sa hannu. Bai ɓoye mana ba cewa an taɓa keta wannan doka. A 1981 gwamnatin jihar Oyo ta kashe wani mai suna Nasiru Bello alhali ƙararsa tana jiran saurare, iyalansa suka kai ƙara, a 1986 Kotun Ƙoli ta ce kisan haramtacce ne, ta sa a biya su diyya. Ya ce tun daga nan hukumomi suna taka-tsantsan, kuma gwamnoni ba su cika sa hannu ba. Na baya-bayan nan da aka sani su ne mutum huɗu da aka rataye a Benin ta jihar Edo a 2013, da wasu uku a can ɗin dai a watan Disamba na 2016. Shi ya sa mutanen ke taruwa. Alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali na shekarun nan sun nuna sama da mutum 3,000 ne ke zaune da hukuncin kisa a kansu a Najeriya.

Sai batun kundi, kuma a nan ne wahalar take. A kotunanmu da dama alƙali da hannunsa yake rubuta duk abin da aka faɗa. Kafin ƙara ta tafi sama sai an buga wannan rubutu kaf, a haɗa da takardar tuhuma, da takardun da aka karɓa a matsayin shaida, da jawaban lauyoyi, da hukuncin, a buga musu hatimi, a ɗinke. Ƙa'ida ta ba magatakardan kotu kwana 60 ya yi wannan, in ya gaza sai mai ƙara ya haɗa da kansa cikin kwana 30. A aikace, yau a ce mai bugawa ba ta zo ba, gobe babu wuta, jibi littafin alƙali yana kulle a ofishinsa shi kuma ya yi tafiya. Akwai shafukan da mai bugawar ta kasa karanta rubutun, sai da aka jira alƙalin ya dawo ya warware. Na sayi takarda, na sayi tawada, na sayi man janareta. Ranakun da ba ni da darasi da safe a bencin rajista nake yin su. Kwanakin ƙa'ida suka wuce, sai da Barista ya roƙi ƙarin lokaci. Ban ga mugunta a fuskar ma'aikatan ba, aiki ne ya fi ƙarfin kayan aiki. Amma kowane mako da aka ɗaga mana, mako ne da ƙanena ya ƙara a kwandem.

Da kundin ya fito, Barista ya kwana biyu a kansa, sannan ya kira ni. Na same shi ya baje shi a tebur, ya maƙala guntayen takardu a gefen shafuka. Abu na farko da ya nuna mini ya tayar mini da hankali. A cikin rubutun alƙali an ce an karɓi bayanin farko na ƙanena, wanda ya yi a ƙaramin ofis, an ba shi lamba. Amma takardar kanta babu ita a kundin. Ikirarin yana nan, an buga shi tsaf, ita kuwa takardar da ta ce yana hanyar Kudu ta yi ɓatan dabo. Muka koma rajista. Sai da aka zazzage ɗakin ajiyar kayan shaida kafin a same ta, a cikin jakar wata shari'a daban, gefenta ɗaya ruwa ya taɓa. Aka yi mata ƙarin kundi aka aika. Har yau in na tuna cewa da Barista bai bi lambobin ɗaya bayan ɗaya ba da alƙalai uku ba su taɓa ganin wannan takarda ba, sai in ji gabana ya faɗi.

Abu na biyu layi ɗaya ne tak. Ya ɗora yatsa a kai ya fassara mini. Lauyan farko ya tambayi ɗan sandan da ya rubuta ikirarin ko yana jin Hausa, ya ce a'a, wani abokin aikinsa ne ya yi masa tafinta. Barista ya ce, "Yaron nan da ya yi wannan tambaya, Allah Ya yi masa albarka." A danginmu an zagi wannan lauya, an ce yaro ne, bai iya ba, ya bari an kashe mana ɗa. Ni kuwa ina faɗa a ko'ina cewa ba don shi ba da babu abin da za a ɗaukaka. Shi ya nace sai an kawo bayanin farko, shi ya yi wannan tambaya, shi ya kuma sa ɗan sandan ya amsa cewa bai je tashar ba, bai nemi direban ba. Bai yi nasara a gaban alƙalinsa ba, amma ya tabbatar an rubuta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙarar da ake ci a sama, tun a ƙasa ake shirya ta.

Muhimmancin layin shi ne wannan. Idan wanda ake tuhuma ya yi magana da Hausa, wani ya fassara, wani kuma ya rubuta da Turanci, to mai rubutun bai ji komai daga bakin wanda ake tuhuma ba, daga bakin tafinta ya ji. Kotun Ƙoli ta daɗe da tsayawa a kan cewa dole a kira tafintan ya ba da shaida, ya faɗi abin da aka tambaya da abin da aka amsa, a yi masa tambayoyi. In ba haka ba takardar ta zama "an ce, ya ce", kuma doka ba ta karɓar wannan. A shari'ar ƙanena ba a kira tafintan ba, ko sunansa babu a takardar, kuma ba a kawo wani bayani da aka rubuta da Hausa ba. Wannan ƙa'ida ta shafi mutanenmu ƙwarai, domin da yawa daga masu shiga hannu a Arewa ba sa karanta abin da suke dangwala wa yatsa.

Barista ya gyara dalilan ƙarar, ya rubuta jawabinsa. Kwana 45 ake ba mai ƙara bayan kundi ya isa kotu, ɓangaren gwamnati kuma kwana 30 su mayar da martani. Nasu bai zo a kan lokaci ba, su ma sai da suka roƙi ƙari. Ana cikin wannan ne wasu dattawa masu son mu da alheri suka kawo shawarar a janye ƙarar a nemi afuwar gwamna, wadda sashe na 212 na tsarin mulki ya tanada, tunda ana yi a lokutan sallah da bikin 'yancin kai. Na kai wa ƙanena maganar yadda aka ba ni. Ya ce, "Yaya, afuwa ai mai laifi ake yi wa. In na fito ta nan, da wane ido zan kalli mahaifiyar yaron nan?" Ban ƙara tayar da zancen ba. Ba na kuma ganin laifin wanda ya karɓi afuwa bayan ya gaji, don na ga abin da wurin ke yi wa mutum.

Ranar sauraren ƙara ba ta yi kama da abin da na zata ba. Ba a kawo ƙanena ba, doka ba ta wajabta ba tunda yana da lauya. Alƙalai uku suka shigo, aka kira ƙararraki bi da bi. Da aka zo tamu, Barista ya miƙe ya ce ya dogara da jawabin da ya rubuta, ya ja hankalinsu zuwa shafuka biyu ko uku. Ɗaya daga cikin alƙalan ya buɗe kundin, ya tambayi lauyan gwamnati a wane shafi tafintan ya ba da shaida. Lauyan ya juya takardu, ya ce, "Ya Mai Shari'a, ba a kira shi ba." Ya roƙi kotu ta tabbatar da hukuncin, in kuma ta ga akwai kuskure to ta mayar a sake shari'a. Shi ke nan. Ko shayi ba zai huce ba aka gama, aka ce za a sanar da ranar hukunci. Na fito raina a ɓace, ina ganin an yi wa ran mutum riƙon sakainar kashi. Barista ya ce in kwantar da hankalina, aikin yana cikin takardu, kuma tambayar da alƙalin ya yi ta nuna ya karanta. Tsarin mulki, a sashe na 294, ya ba kotu kwana 90 ta yanke hukunci bayan an kammala jawabai, kuma ba su cinye su ba.

Hukuncin ya fara da abin da bai yi mana daɗi ba. Dalilinmu na farko shi ne duka aka yi masa ya dangwala. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana karɓar ikirarin da aka samu ta hanyar gallazawa, kuma tun a ƙasa lauyan farko ya tayar da maganar, aka yi ƙaramar shari'a a cikin shari'a a kai. Ƙanena ya nuna tabonsa, 'yan sanda suka musanta, babu takardar likita, alƙali ya gaskata su. Kotun sama ta ce alƙalin ƙasa shi ya ga shaidun da idonsa, ya ji su da kunnensa, don haka ba za ta taɓa abin da ya gaskata ba sai da dalili bayyananne a cikin kundi, kuma babu. Wato abin da ya fi yi mana ciwo, wanda ni na gani da idona, shi ne ya faɗi. Har yanzu wannan yana ci mini rai. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta tanadi a ɗauki ikirari a bidiyo, a kuma ɗauki bayani a gaban lauya ko wani da wanda ake tuhuma ya zaɓa, jihohi suka bi sahu da nasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019. An kuma yi dokar haramta azabtarwa a 2017. Lokacin da aka kama ƙanena jiharmu ba ta riga ta yi tata ba. Wanda aka kama wa ɗan'uwa yau, ya sa lauyansa ya tambayi bidiyon a gaban alƙali, ya kuma roƙi a kai shi asibiti tun raunin yana ɗanye, a sami takarda.

Daga nan hukuncin ya juya. A kan tafinta, kotu ta ce ikirarin bai cancanci karɓa ba tun farko, ta cire shi daga kundin. Ta ƙara da cewa ko da ya karɓu, tunda mai shi ya janye, ya kamata alƙali ya auna shi da abin da ke wajensa: shin akwai wata shaida da ta ƙarfafa shi, shin mutumin ya sami damar aikata laifin, shin ya dace da sauran abin da aka tabbatar. Ma'auni ne da kotunanmu suka gada daga wata shari'ar Ingila ta 1913, kuma ba a yi amfani da shi ba.

A kan inda yake a daren, alƙalin ƙasa ya ce ƙanena bai tabbatar da cewa yana hanya ba, tunda bai kawo direban ba. Kotun sama ta ce an juya nauyin. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ɗauki kowa a matsayin marar laifi har sai an tabbatar, kuma masu ƙara ne za su tabbatar, tabbacin da ba ya barin kokwanto mai ma'ana. Abin da ke kan wanda ake tuhuma shi ne ya faɗi inda yake tun da wuri, da bayanin da za a iya bi. Ya yi hakan a ranar farko, a takardar nan da ruwa ya taɓa. Daga nan aikin 'yan sanda ne su bincika, kuma a lokacin direban yana raye. Rashin binciken ba ya rusa ƙara in akwai ƙwaƙƙwarar shaida da ta kafe mutum a wurin da aka yi laifin. Sai kotu ta juya kan maƙwabcin. Ya san ƙanena tun yana yaro, amma a bayaninsa na washegarin kisan bai ambaci sunansa ba, cewa ya yi ya ga wani ya wuce da gudu cikin duhu. Sai bayan an kama ƙanena sunan ya shigo bakinsa. Kotu ta ce wanda ya ga mutumin da ya sani yana aikata laifi, sunansa zai fara faɗa, kuma ba a rataye mutum a kan shaida irin wannan.

Saura roƙon a sake shari'a, wanda shi Barista ya fi tsoro, domin da an amince da ƙanena ya koma jiran shari'a daga farko. Kotu ta ƙi. Ta ce matsalar ba kuskuren tsari ba ce kawai, shaidar ce babu, kuma ba za a ba masu ƙara damar toshe ɓarakar da suka bari ba bayan shekarun da mutum ya yi a tsare. Sauran alƙalan biyu suka ce sun yarda. Na ji kalmomin Turanci guda biyu da Barista ya riga ya koya mini in saurara, sannan ya waiwayo ya ce, "Malam, an sallame shi, an wanke shi." Limamin unguwarmu da ya raka ni ya riƙe hannuna muka yi sujada a tsakar harabar kotun. A mota yake tuna mini cewa a shari'ar Musulunci ma ana tunkuɗe haddi da shubuha, kuma kuskuren shugaba wajen yin afuwa ya fi kuskurensa wajen yin uƙuba sauƙi.

Ba a ranar ya fito ba. Sai da aka buga umarnin kotu, aka sa hannu, aka buga hatimi, ma'aikacin kotu ya kai gidan yarin, su kuma suka tabbatar babu wata tuhuma a kansa. Ko bayan ya dawo gida Barista ya ce kada mu saki jiki tukuna, domin gwamnati ma tana da kwana 30 ta wuce Kotun Ƙoli. Ba ta wuce ba.

Hukuncin bai zo da ko sisin kwabo ba. Wanda yake son diyya sai ya shigar da sabuwar ƙara, ƙanena kuwa ya ce ko ƙofar kotu ba ya son sake gani. Ya fito da ciwon ƙirji da raunin ido, yarinyar da aka sa musu rana ta yi aure har da 'ya'ya. Yanzu yana taya wani ɗan'uwanmu tsaron shagon hatsi. A unguwa akwai waɗanda har gobe suke cewa kuɗi muka kashe aka sake shi. Na je na gaida mahaifin marigayin, ya karɓe ni da mutunci, ya yi mini tambaya ɗaya: in ba shi ba ne, to wane ne? Tun ranar da aka samu dangwalen yatsa aka rufe bincike, kuma ba a sake buɗe shi ba. Su ma an zalunce su.

Abin da ya same mu ba sabo ba ne. A 1996 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke Bodunrin Baruwa bayan shekara 16 a tsare, mutumin da ya ga gawa kusa da gidansa ya je ya sanar da 'yan sanda, aka juya tuhumar kansa. Rahoton da ƙungiyar Amnesty International ta fitar a 2008 tare da ƙungiyar lauyoyi ta LEDAP ya nuna fiye da rabin waɗanda ke jiran kisa a Najeriya a lokacin, a kan ikirari aka yanke musu hukunci.

Kafin ƙanena ya fito, wani dattijo da suka zauna ɗaki ɗaya ya ba shi saƙo a guntuwar takarda, lambar shari'arsa da shekarar da aka yanke masa hukunci. Ya shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara a kan lokaci, tun ƙanena yana makarantar allo, amma kundinsa bai taɓa isa kotun sama ba. Na kai wa Barista, ya karɓa. An je rajistar da aka yi shari'ar, an samu hukuncin, ba a samu littafin da alƙali ya rubuta shaidu a ciki ba, alƙalin kuma ya rasu. Barista ya shigar da roƙo a gaban kotu a kan haka, muna jiran a sa rana.